Yadda Ake Samun Shiga Cikin Gidan LEGO a Billund, Daga Neman Gurbi Zuwa Ɗaure Akwati

A tsakiyar yankin Jutland na ƙasar Danmak akwai wani ɗan gari mai suna Billund. Mutanensa ba su fi dubu bakwai da 'yan kai ba, ba shi da tashar jirgin ƙasa, amma filin jirgin samansa shi ne na biyu a girma a duk ƙasar. Dalili ɗaya ne: a nan kamfanin LEGO, mai ƙera tubalan roba na wasan yara, ya tashi, kuma har gobe a nan hedkwatarsa take. Duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga wurin shaƙatawa na LEGOLAND ko ginin LEGO House. Masana'antar da ake zuba tubalan roba kuwa, da gidan tarihin kamfanin, da kantin ma'aikata, waɗannan a kulle suke ga baƙo. Babbar ƙofar da kamfanin ke buɗewa ga masoya ita ce ziyarar da ake kira LEGO Inside Tour, wadda aka fara a 2005, ake yin ta sau 'yan kaɗan a shekara, kowace ta ɗauki kusan kwana uku.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, aikin wannan tafiya ana yin sa ne wata shida ko fiye kafin a hau jirgi. Wanda ya tsara gurbi, kuɗi da biza bisa jerinsu, shi ke samun natsuwar kallon abin da ya je gani. Ga yadda ake bi.

Fara da tambayar kanka ko wannan ziyarar ce kake bukata

Kada a yi gaggawa. Ziyarar ba ta da arha. Tun shekaru kusan goma da suka wuce kuɗin mutum ɗaya ya haura krona 14,000 na Danmak, kuma tun daga lokacin hawa yake yi. Don ka auna, kronar Danmak a ɗaure take da yuro, krona bakwai da rabi ne kusan yuro ɗaya. A cikin kuɗin akwai masauki a otal ɗin da ke jikin LEGOLAND, da abinci, da zirga-zirgar cikin gari, da wata kyauta da zan zo kanta. Kuɗin jirgi da na biza naka ne.

Da Turanci ake gudanar da komai. Idan kana jin Turanci amma ba ka sake da magana ba, za ka ji daɗin kallo, sai dai rabin ribar tafiyar hira ce da masu zayyana kayan, kuma hira ba ta yiwuwa da gyaɗa kai kawai. Akwai kuma ƙa'idar shekaru ga yara, kuma yaro ba ya zuwa sai da babba mai nasa tikitin, wato kuɗi biyu ke nan. A ganina, yaron da bai kai ya zauna ya saurari bayani na sa'a guda ba tare da ya ƙosa ba, gara a kai shi LEGO House da LEGOLAND kawai. Zai fi murna, aljihu kuma ya huta.

Akwai hanyoyi masu sauƙi. LEGO House yakan shirya gajeriyar ziyara ta yini ɗaya ga masoya, wadda kan haɗa da leƙa masana'anta. Akwai kuma taron manyan masoya da ake yi duk watan Satumba a garin Skærbæk da ke kudancin Jutland, inda mutane daga ƙasashe da dama ke baje abubuwan da suka gina. Wanda burinsa ganin injuna ne kawai, ziyarar yini ɗaya ta ishe shi.

Neman gurbi

A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa. Ana buɗe rajista sau ɗaya a shekara, a shafin intanet na LEGO House, galibi wajen watan Oktoba ko Nuwamba, don ziyarar shekara mai zuwa. A da, wanda ya riga shi ke samu, kuma ayari ɗaya mutum 35 ne kacal, don haka guraben kan ƙare cikin 'yan mintuna. Daga baya aka koma tsarin da ake ba da 'yan kwanaki kowa ya yi rajista, sannan a zaɓa ta ƙuri'a. Wannan ya yi wa mai intanet maras ƙarfi adalci, domin yanzu saurin yatsa ba ya ba kowa fifiko. Masu nema dai sun ninka guraben sau da yawa, kuma akwai waɗanda suka yi shekaru suna gwadawa. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma sai wanda ya sa sunansa ake zaɓa.

Tun daga watan Satumba ka yi rajistar wasiƙar labarai ta LEGO House da adireshin imel ɗin da kake dubawa kullum, domin ta nan sanarwa ke fita. Ranar cike fom, ka ajiye fasfo a gabanka ka rubuta suna harafi da harafi yadda yake a ciki. Mu da ake rubuta mana Muhammad a takarda ɗaya, Mohammed a wata, Muhammadu a ta uku, mun san irin wahalar da bambancin harafi ɗaya ke jawowa a gaban jami'in biza. Idan an ba da damar zaɓar ranaku, kada ka kafe kan ɗaya. Sannan ka ɗauki kalandar Musulunci ka duba, kada ranar ta faɗa kan Babbar Sallah ko lokacin da ka yi niyyar aikin Hajji. Ana yin ziyarar ne tsakanin ƙarshen bazarar Turai da farkon kaka, wato daga wajen Mayu zuwa Satumba.

Bayan rajista ka riƙa leƙa akwatin saƙonnin da imel ke jefarwa a matsayin tarkace. Wanda aka zaɓa ana ba shi wa'adi ya biya, in ya wuce a miƙa gurbin ga na bayansa. Saboda haka katin da za ka biya da shi ya zama a shirye tun kafin sakamako ya fito. Katin naira yakan gaza a manyan biyan kuɗi na ƙetare saboda iyakar da banki ke sawa, don haka ka je bankinka tun da wuri, ko ka tanadi katin asusun dala. Kafin ka danna biya, karanta sharaɗin maido da kuɗi da kyau, ka san abin da zai faru idan biza ba ta fito ba.

Wani gargaɗi: kada ka sayi gurbi a hannun wani. Da sunan mutum ake ba da shi, kuma duk mai tallar gurbi a dandalin sada zumunta abin zargi ne.

Biza

Danmak tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana bukatar bizar gajeren zama. Dokar Shengen ta ce ba a shigar da takardu fiye da wata shida kafin tafiya, kuma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Shawarata ita ce ka shigar da zarar ƙofar wata shidan ta buɗe. Yawanci ana yanke hukunci cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45, kuma samun ranar ganawa a lokacin da kowa ke shirin hutun bazara shi kansa aiki ne.

Danmak tana da ofishin jakadanci a Abuja da Akara. Ana cike fom a intanet, a biya, sannan a kai takardu da hoton yatsu cibiyar karɓar takardun biza. Kuɗin bizar babba yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, ban da ladan cibiyar. Fasfo ya zama an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, yana da shafi biyu babu komai, kuma yana da sauran rai na aƙalla wata uku bayan ranar fitowarka daga Turai. Inshorar lafiya ta tafiya dole ta kai yuro 30,000 kuma ta yi aiki a duk yankin Shengen.

Abin da jami'i ke son sani abu biyu ne: me zai kai ka, kuma me zai dawo da kai. Na farko yana da sauƙi a wannan tafiya, domin kana da takardar tabbacin gurbi, rasidin biya, da jadawalin ziyara. Ka haɗa su duka, ka rubuta gajeriyar wasiƙa da ke bayyana tafiyar rana bayan rana. Kada ka ji kunyar rubuta cewa kamfanin kayan wasa za ka ziyarta. Gaskiyar da ke da rasidi ta fi ƙagaggen taron kasuwanci ƙarfi. Na biyun kuwa sai takardar wurin aiki ko rajistar kasuwanci, bayanan asusun banki na 'yan watanni da ke nuna shige da ficen kuɗi na yau da kullum, da shaidar iyali. Kuɗin da aka zuba a asusu dare ɗaya don a burge su ya fi jawo tambaya. Idan da yaro za ka tafi, sai da takardar haihuwarsa da izinin mahaifin da ba ya cikin tafiyar.

Kada ka sayi tikitin jirgin da ba a maido da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Hanya

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa Billund. Ana sauya jirgi a Amsterdam, Frankfurt, Faris ko Istanbul. Ka nemi tikiti ɗaya har Billund, mai lambar filin jirgi BLL, don kaya su bi ka ba sai ka sake awo ba. Daga filin jirgin zuwa otal 'yan mintuna ne a mota. Shi kansa filin jirgin yana cikin tarihin da ka je gani: Godtfred Kirk Christiansen, ɗan wanda ya kafa kamfanin, shi ya fara shimfiɗa filin sauka don amfanin kamfani, sannan a 1964 aka buɗe shi ga jama'a.

Idan tikitin Kwapanhagan, babban birnin ƙasar, ya fi arha, ka lissafa sauran tafiyar: jirgin ƙasa zuwa Vejle, sannan bas na kusan kilomita 30, duka kimanin sa'a uku. Ko ta ina ka bi, ka isa kwana ɗaya kafin a fara. Jirgi ɗaya ya makara, ka rasa kashi ɗaya cikin uku na abin da ka biya.

A akwati ka sa rigar ruwa marar nauyi da rigar sanyi, domin bazarar Jutland ga wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Maraɗi kamar sanyin hunturu ce, ga iska ga yayyafi. Takalmi rufaffe mai daɗin tafiya dole ne saboda masana'anta. Soket ɗinsu mai zagayayyun ramuka ne, filogi mai ƙafa uku irin na Najeriya ba ya shiga, sai da adafta. Kuɗin hannu kaɗan ya isa, kusan ko'ina da kati ake biya. Sannan ka bar rabin akwatin fanko.

Abu biyu da ya kamata Musulmi ya shirya. Naman alade ya yi yawa a abincin Danmak, har a yankakken naman karin kumallo da wasu alewoyi masu danƙo. Masu shirya ziyarar sukan tambayi bukatun abinci tun kafin zuwa; ka rubuta a fili, ko ka zaɓi kifi da ganye ka huta. Na biyu shi ne lokutan sallah. A watan Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe biyar na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, duhu kuma ba ya kammala sosai. Ka sauke jadawalin sallah na yankin a wayarka, ka tafi da ƙaramar darduma, ka yi wa jagoran ayari magana tun ranar farko don ka san inda hutu yake a jadawali.

Karanta tarihi kafin ka je

Wannan matakin mutane kan tsallake, alhali shi ke bambanta mai kallo da mai gani. Ole Kirk Christiansen kafinta ne. A 1932, lokacin da karayar tattalin arzikin duniya ta kashe aikin gini, ya koma sassaƙa kayan wasa na katako. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna daga kalmomi biyu na harshen Danish, leg godt, wato yi wasa da kyau. Gobara ta ci masa wurin aiki a 1924, ta sake ci a 1942. Bayan yaƙin duniya ya sayi injin zuba roba, wanda ya iso a 1947, kuma a 1949 aka fara fitar da tubala masu hawa kan juna, bisa samfurin wani kamfanin Ingila mai suna Kiddicraft. Waɗancan tubalan na farko cikinsu rami ne, ba sa riƙe juna da kyau. Ranar 28 ga Janairun 1958 aka shigar da takardar mallakar fasahar da ta gyara wannan: 'yan kawuna a sama, bututai a ƙasa, kan ya shiga tsakanin bututu da bango ya cije. A shekarar Ole ya rasu. A 1960 wata gobarar ta cinye ma'ajiyar kayan katako, sai Godtfred ya bar katako gaba ɗaya. Tubalin 1958 har yau yana kama wanda aka zuba jiya.

Akwai labarin agwagin katako da za ka ji a can, gara ka san shi. Godtfred yana saurayi ya zo wa mahaifinsa da murna cewa ya rage wa kamfani kashe kuɗi, domin shafe biyu ya yi wa agwagin maimakon uku. Uban ya ce ya koma tasha ya kwaso su, ya yi musu shafe na uku, ya sake ɗaure su, shi kaɗai, ko da zai kwana yana yi. Taken kamfanin, wanda ma'anarsa ita ce ko mafi kyau bai yi yawa ba, yana rataye a allon katako tun zamanin.

Kwanakin ziyara

Jadawali yakan sauya daga shekara zuwa shekara, amma ginshiƙansa sanannu ne. Tun da farko za a ba ka takardar alkawarin riƙe sirri ka sa hannu. Ka karanta ta, ka kuma cika ta. Inda aka ce a ajiye waya, a ajiye. A masana'anta ba a ɗaukar hoto, don haka ka tafi da ɗan littafi da biro, ka rubuta abin da ka gani da dare kafin ya gushe.

Masana'antar zubi tana unguwar Kornmarken, kuma a ganina ita ce zuciyar tafiyar. Robar da ake amfani da ita a yawancin tubala tun 1963 ana kiranta ABS. Tana zuwa a matsayin tsaki, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, a zuba ta cikin dogayen rumbuna. Daga nan iska ke tura ta cikin bututai da ke bin saman rufi zuwa injuna. Ka ɗaga kai ka saurara, za ka ji tsakin yana gudu kamar ruwan sama a kan kwano. Inji yana narka ta a zafin da ya haura digiri 230, ya matsa ta cikin mazubin ƙarfe da ƙarfin tan masu yawa, ta huce cikin 'yan daƙiƙu, mazubi ya buɗe, tubala su zubo. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne ƙarancin mutane. Layi bayan layi na injuna suna aiki dare da rana, idan akwati ya cika sai wata mota marar direba ta zo ta ɗauke shi ta ajiye fanko, ta wuce da shi zuwa ma'ajiya mai tsayi inda ƙugiyoyi masu sarrafa kansu ke jerawa. Ka tsaya cikin layin da aka zana wa masu tafiya a ƙasa. Motocin suna tsayawa idan sun ga mutum, amma ba a so baƙo ya tsayar da aiki.

Kada ƙarar injuna ta ɗauke maka hankali daga mazubin. Shi ne dukiyar. Ana sassaƙa shi da daidaiton da ake aunawa da kashi-kashi na dubu na milimita, domin in tubali ya yi sako-sako gini ya rushe, in ya yi tsauri yatsun yaro ba za su iya raba shi ba. Idan an ba da damar tambaya, ka tambayi yadda ake kula da mazubi, sau nawa ake wanke shi, da yadda ake gane ya tsufa. Ka kuma ɗauki tubali ɗaya ka juya cikinsa: ƙananan lambobin da ke ciki suna nuna mazubin da ya fito, ta yadda in an sami aibi za a bi sawunsa. Billund ba ita kaɗai ke zubi ba. Kamfanin yana da masana'antu a Kladno ta Jamhuriyar Cek, Nyíregyháza ta Hangari, Monterrey ta Meziko, Jiaxing ta Sin, da sabuwa a Biyetnam da aka buɗe a 2025.

Gidan tarihi na cikin gida, LEGO Idea House, yana haɗe da gidan da Ole ya gina bayan gobarar 1924, mai zakoki biyu na siminti a ƙofa. Ma'aikata da baƙin kamfani kawai ke shiga. A nan agwagin katako suke, da tubalan farko, da labarin shekarun 2003 da 2004 lokacin da kamfanin ya kusa durƙushewa saboda asara, har iyalin suka miƙa shugabanci ga Jørgen Vig Knudstorp, wanda ba ɗan gidan ba ne. Akwai kuma taskar da ake ajiye kusan kowane kwalin da kamfanin ya taɓa fitarwa, a jere shekara bayan shekara. Lokacin da ake ba kowa a ciki gajere ne. Kafin ka bar gida ka rubuta shekara da lambar kwali biyu ko uku da kake son riƙewa a hannu, kada ka ɓata mintunanka kana laluben kanta. Wanda bai taso da waɗannan kwalaye ba, kamar yawancinmu, ya nemi na 1978, shekarar da ɗan mutum-mutumin LEGO mai launin ɗorawa ya fara fitowa, ya ga yadda gari na tubala ya samu mazauna.

Sai masu zayyana. Sukan zo su yi bayanin yadda tunani ke zama kwali a kanti, su ci abinci da baƙi, kuma akan yi gasar gini inda za a zube tubala a ba da jigo, su kuma su yi alƙalanci. Kada ka ja baya don kana ganin wasu sun fi ka iyawa. Ƙaramin abu mai labari yakan fi katafaren gini marar kai. Gina abin da ka sani wanda ba kowa ya sani ba. Idonsu ya gaji da ganin jirgin sama jannati.

Wajen hira, kada ka tambaye su abin da zai fito baɗi. Ba za su faɗa ba, kuma ka ƙona damarka. Tambaye su abin da aka cire daga wani kwali da dalilin cirewa, yadda suke gwada gini da yara, yadda farashin da aka ƙayyade ke tilasta musu rage tubala, ko wane yanki suka roƙa a ƙera musu aka hana. A irin waɗannan tambayoyi bakinsu ke buɗewa. Kada kuma ka zo da zanen ƙirƙirarka ka ce su karɓa. Ba a karɓar shawarar kaya ta wannan hanya, akwai dandalin LEGO Ideas da aka tanada don haka, inda aikin da ya samu magoya baya 10,000 ke zuwa gaban masu tantancewa. Mutanen Danmak suna kiran juna da sunan yanka, har shugabanni, kuma ƙarfe tara a wurinsu ƙarfe tara ne. Bas ba ya jiran kowa.

LEGO House kansa, wanda aka buɗe ranar 28 ga Satumban 2017 bisa zanen ofishin mai zanen gine-gine Bjarke Ingels, an yi shi kamar manyan tubala 21 da aka ɗora kan juna. A tsakiyarsa akwai bishiyar tubala mai tsayin mita 15, da aka gina da tubala fiye da miliyan shida. A bakin fita wani inji yana zuba jajayen tubala shida masu kawuna takwas-takwas a ba ka, tare da kati mai nuna hanya ɗaya taka ta haɗa su. Wani masanin lissafi ɗan Danmak, Søren Eilers, ya lissafa cewa tubala shida irin waɗannan suna haɗuwa ta hanyoyi 915,103,765. Tun da kowa na iya shiga wannan gini da tikiti, ka ƙara kwana ɗaya bayan ziyara ka zaga shi a tsanake, kada ka cinye lokacin wuraren da ba za ka sake shiga ba.

Kanti, kyauta da akwati

Akan kai ayari kantin ma'aikata, inda kaya ke da rangwame. A nan hankali ke gushewa. Ka rubuta jerin abin da kake so da iyakar kuɗin da za ka kashe tun kana otal, ka kuma san nauyin kayan da tikitin jirginka ya yarda. Kwalin LEGO rabinsa iska ne. Idan ba don ajiya ka saya ba, fitar da ledojin da littafin umarni, ka ninke kwalin a ƙasan akwati. Harajin kaya a Danmak kashi 25 cikin ɗari ne, kuma wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya neman a maido masa wani ɓangare a kantunan da ke cikin tsarin idan sayayyar ta wuce krona 300. Ka tambaya a wurin biya, ka ajiye rasidi, a buga maka hatimin kwastan a filin jirgin ƙarshe da za ka bar Tarayyar. Ka tuna akwai kwastan a gida ma, kuma kwali goma iri ɗaya kamar kayan sayarwa suke a idon jami'i.

A ƙarshe ake miƙa kyautar: kwali na musamman da ake ƙerawa don baƙin shekarar kaɗai, ba a sayar da shi a kanti, galibi kan wani abu daga tarihin kamfanin. Na 2011 injunan zubi ne, na 2012 ƙaramin jirgin sama samfurin Piper, na 2018 tarakta samfurin Ferguson, don tunawa da taraktar roba da kamfanin ya yi ciniki da ita sosai a shekarun 1950. Kwalin yakan zo da lamba, da hoton ayarinku a bayansa, kuma wanda ya zayyana shi yakan sa hannu in ka miƙa. Masu tara kaya suna sayensa da tsada, shi ya sa wasu ba sa ko yanke ledarsa. Ni dai ina ganin tubalin da ba a haɗa ba bai yi aikinsa ba, amma wannan shawara ce tsakanin mutum da aljihunsa.

Ko ka buɗe ko ka bari, kada ka sa shi a akwatin da za a jefa cikin jirgi. Ka tafi da ledar kumfa daga gida, ka naɗe shi, ka sa shi a jakar hannu tsakanin tufafi, kusurwoyinsa na kallon ciki. Ka auna jakar tun a otal, domin jiragen da ke tashi daga Billund zuwa manyan filayen Turai ƙanana ne, kuma idan wurin ajiya na sama ya cika, jakar da ta fi girma ita ake fara karɓewa a ƙofa.